Hon Biyu a Bakin Gada

Tun ranar da Direba ya shiga ƙungiyar masu keke, babu wanda ya ƙara ganin fuskarsa a kan hanya, sai ƙeyarsa. Ƙa'idarsu ita ce a jera layi ɗaya, taya kusa da taya, na gaba yana sare wa sauran iska. In ya gaji sai ya zame gefe, layin ya wuce shi, ya maƙale a wutsiya ya huta. Kowa haka yake yi, har shugabansu da suke kira Mai Usur. Direba ne kawai in ya hau gaba kamar an kafe shi da ƙusa. A busa masa usur, a kira shi, a roƙe shi, iyakacinsa ya ɗago ido ya dubi ƙaton madubin da ya ciro daga wata tsohuwar mota ya ɗaura a kan kekensa, ya ƙirga kawunansu, ya ci gaba da taka feda. Wani mai aski da ke cikinsu ya sha faɗa cewa wata rana sai tsohon nan ya juyo ya ce kowa ya fito da tikitinsa.

Ba girman kai ba ne, kodayake yana da nasa daidai gwargwado. Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa da tsakiyar shekarunsa a bayan sitiyarin babbar motar fasinja, a kan hanya guda, daga birnin da yake zaune zuwa wani birni mai nisa a bayan duwatsu, ya je ya dawo, ya je ya dawo. A duk tsawon wannan zamani abin da ke gabansa gilashi ne da kwalta, mutane kuwa a bayansa suke, suna barci, suna cin gyaɗa, suna faɗa a kan taga. Bai saba da ganin bayan kowa ba. Idan aka ce ya bi tayar wani, da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, ya miƙa ransa ga idon wani, sai hannunsa ya fara neman birki.

Aikin kuwa bai bar shi da sallama ba. Wata safiya ya shigo tasha da shirinsa, da tawul ɗinsa a kafaɗa da gorar shayinsa, aka ce ya biya ta wajen likitan kamfani. Likita ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya dubi allura, ya dube shi, ya sa shi karanta haruffa a bango, ya sake dubansa. Kafin rana ta yi tsaka makullin motar yana aljihun wani. An yi masa godiya, an ba shi agogon bango, shugaban tasha har da rungumarsa. Shi abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Da ya san tafiyar da ya dawo daga ita ce ta ƙarshe, da ya yi ta daban.

Ya koma gida ya zauna, ya addabi kowa. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya canja wa kujeru wuri, ya fara koya wa matarsa yadda ake jera kwanuka a kicin ɗin da ta fi shi sani da shekaru.

"Malam," in ji ta wata rana, tana riƙe da ludayi, "da kana hanya kewarka nake yi. Ka taimaka ka bar ni in ci gaba da yi."

Autarsu ce ta cece su duka biyun. Ma'aikaciyar jinya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ta daɗe a ƙungiyar masu keke. Ita ce mai rufe baya: duk wanda tayarsa ta yi faci ko ƙafarsa ta riƙe, ita ke tsayawa da shi, don a dokarsu ba a barin mutum shi kaɗai a hanya. Ta turo keke har tsakar gida, ta ɗora hular kwano a kan sirdi, ta ce, "Baba, likita ya ce ka motsa jini. Ga shi nan." Ya zagaya keken yana taɓa taya da ƙafa irin yadda yake yi wa mota kafin ya tashi. Ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, ya ji ƙarar, ya taɓe baki. Amma washegari ya hau.

Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matar tasa. A kan tsohuwar hanyarsa akwai wata doguwar gangara da ke sauka zuwa ƙaramar gada, daga gadar kuma hanya ta miƙe sama, hawa mai wuya. Duk direban babbar mota ya san wurin. Ba a taka birki a nan, don gudun da ka kwaso daga gangara shi zai hau da kai tudun. A daidai bakin gadar, ta hannun dama, akwai wani gida mai rufin kwano, da bishiyoyi biyu a gabansa, da igiyar shanya a tsakaninsu. A farkon aikinsa, wata rana yana gangarowa, ya hango yaro ƙarami cikin jar riga ya rarrafo har bakin kwalta. Ya danna hon sau biyu. Wata mata ta fito a guje daga bayan shanya, ta suri yaron, ta ɗaga masa hannu ɗaya. Shi ke nan abin da ya faru, kafin ya ƙifta ido yana kan tudu.

A dawowa, da ya iso wurin, hannunsa da kansa ya danna hon sau biyu. Tafiya ta gaba ma haka. Daga nan abin ya zauna masa. Ba kasafai yake ganin kowa ba, igiyar kawai yake gani, kuma a kan igiyar ya karanta rayuwar mutanen gidan kaf. Ya ga jar rigar ta yi ƙanƙanta ta ɓace. Ya ga tsummokin jarirai sun dawo, sau ɗaya, sau biyu. Ya ga kayan makaranta sun bayyana, wandunan suna ƙara tsawo kowace shekara. Akwai shuɗiyar rigar aiki ta maigidan, irin ta makanikai, mai faci a gwiwa, kullum a ƙarshen igiya ta wajen bishiyar hagu. Wata shekara rigar ta ɓace, ba ta dawo ba, Direba ya yi makonni yana danna hon ɗin a hankali. Bayan wani zamani ya ga sababbin zannuwan amarya reras, daga baya kuma tsummokin jarirai. Kullum yana ce wa kansa wata rana zai tsaya ya gaishe su. Amma mota cike da mutane, ga tudu a gaba, ga lokacin isa tasha. Har aka karɓi makulli bai tsaya ba, bai kuma san ko akwai wanda ya taɓa lura da hon ɗin nan ba, ko kuwa shekara da shekaru da igiya yake gaisawa.

Saboda haka ranar da Mai Usur ya shimfiɗa taswira a kan benci ya ce bana doguwar tafiya za a yi, ta kwanaki, tare da wasu ƙungiyoyi, kuma tsohuwar hanya za a bi tunda manyan motoci sun koma sabuwa, Direba ne ya fara ɗaga hannu. Auta ta dube shi ta gefen ido. Matarsa, da labari ya kai mata, ta ce ita ba ta da ta cewa, mutumin da aka raba da hanya don lafiyarsa ya koma mata da ƙafafunsa. Duk da haka ita ta ɗinke masa aljihu a cikin riga don magungunansa.

Suka tashi da sanyin safiya, kekuna fal titi, motar kaya tana biye da su da jakunkuna da jarkokin ruwa. Kowace ƙungiya ta kama layinta. Direba ya hau gaba, ba wanda ya ɓata bakinsa.

Hanyar da ya ɗauka ya san ta kamar tafin hannunsa sai ta zame masa baƙuwa. Shi da giyar mota ya san ta: nan ta uku, nan ta biyu, nan a saki ƙafa. Yanzu wurin da yake kira giya ta uku ya koma zafi a cinyoyinsa, ya kuma gano akwai ƙamshi a wurin, na ciyawa da aka yanka. Ƙauyukan da a da suke wuce shi kamar an ja labule, ashe suna da karnuka masu suna, da rediyo a kan taga, da wani tsoho da ke aske gemu a gaban fasasshen madubi. Ashe akwai rafi a ƙarƙashin wani kwalbati da ya taka sau ba adadi, har ana jin ƙararsa. Tayoyin da ke bayansa suna wani irin gunji mai laushi kamar ƙudan zuma, in rana ta ɗaga sai gunjin ya shiga kansa, ya rasa ko tafiya yake ko mafarkin tafiya. Sau da yawa a irin wannan lokaci sai ya ga kamar babbar motarsa ta taho daga baya a cikin madubi, ta wuce shi da iskarta, ga shi nan a ciki da baƙin gashi da tawul a kafaɗa, idonsa a kan kwalta, ko kallon tsohon da ke kan keke bai yi ba. Ba ya jin haushin saurayin. Tausayinsa yake ji.

Kafin la'asar sukan sauka a harabar wata makaranta ko filin ƙwallo, a jingine kekuna a jikin bango, a kwance takalma. Masu kumburin ƙafa su yi layi wajen Auta, masu faci su yi layi wajen duk wanda ke da famfo. Ana raba burodi da ayaba da shayi mai zaƙi. Kowa ya wanke rigarsa ya shanya a kan waya, rigunan su jeru kala-kala suna ɗiga. Direba yakan ɗauki kofinsa ya zauna yana kallonsu har shayin ya huce.

"Baba Direba, ko taka ta ɓata ne?" mai aski ya tambaye shi wani yammaci.

"Ba ta ɓata ba."

"To kallon na mene ne? Ko cikinsu akwai wadda ba ta biya ba?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma a ransa lissafi yake. Gobe za su kai gadar. Kuma ya lura masu keke ma halinsu ɗaya da direbobi: a gangara ba sa taɓa birki, sai su duƙa su kwashi gudu don tudun da ke gaba. Wanda ke gaban layi in ya ja birki a nan, duk na bayansa a kansa za su zube. Mutum ɗaya ne zai iya tsayawa a bakin gadar nan ba tare da ya karya kowa ba, shi ne wanda babu kowa a bayansa.

Da safe, ana ɗaura huluna, ya tura kekensa wajen Mai Usur, ya tsaya yana murza kan ƙararrawa.

"Yau a baya zan zauna," ya ce.

Mai Usur ya cire usur ɗin daga bakinsa a hankali. "Baba, lafiya? Ko a kira Auta?"

"Lafiyata ƙalau. Baya nake so."

Labari ya bi layi kafin a tashi. Mai aski ya zo har gabansa ya leƙa fuskarsa, ya ce ashe haka kamanninsa suke, shi duk zamansu ƙeya ya sani, kuma ƙeyar tana buƙatar gyara. Wata malamar makaranta ta ce yau sai an yi ruwa. Direba ya tura kekensa har ƙarshen layi inda Auta take duba jakar magungunanta.

"Ki shiga gabana," ya ce mata.

"Baba, ni ce mai rufe baya."

"Yau na karɓe ki. In na tsaya ai za ki ji."

Ta dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da take yi wa mara lafiyan da ya ce ya sha maganinsa. Sannan ta hau.

Farkon tafiyar azaba ce. Tayarta na gabansa tana juyawa, shi kuwa yatsunsa a kan birki, ya matso, ya ja baya, ya matso. Ta yi masa nuni da hannu ya ƙara kusantowa. Ya cije ya matso, sai ya ji iskar da ya yi kwanaki yana kokawa da ita ta sake shi. Keken ya yi sauƙi kamar ana tura shi daga baya. Ashe wannan daɗin ya yi ta ba mutane bai taɓa ɗanɗanawa ba. Madubinsa babu komai a ciki sai hanya da sama. Tunda ba shi da kawunan da zai ƙirga, sai ya kalli 'yarsa. In ta ga rami takan nuna shi da yatsa ba tare da ta waiwayo ba. In za ta canja giya kafaɗarta ta dama takan ɗan sauka, irin ta uwarta in za ta ɗaga tukunya. A ƙwaurinta na hagu akwai wani dogon tabo, fari, tsoho.

"Auta, wannan tabon fa?"

"Wanne?"

"Na ƙafarki."

"Ai ya daɗe. Daga katangar makaranta na faɗo, har ɗinki aka yi."

"Ban sani ba."

"Kana hanya," ta ce. Ba da wani nufi ta faɗa ba, kamar mai faɗin ranar mako.

Suka ci gaba da tafiya. Can sai ya ji bakinsa ya buɗe, wataƙila don ba ta kallonsa. Ya ba ta labarin gangara da gada, da yaro mai jar riga, da hon biyu, da igiya da duk abin da ya gani a kanta, har facin gwiwar shuɗiyar riga. Iska tana kwashe rabin maganar, yana maimaitawa. Ya ce so yake ya tsaya, ko da na minti kaɗan ne. Ya ce yana tsoron ya tarar an rushe gidan, ya fi tsoron ya tarar da su su ce ba su san zancen ba.

Da suka wuce wata gona mai tsawo, Auta ta ce, "Ka ce wandunan makarantar guda nawa ne?"

"Uku. Na tsakiyan ya fi yayyaga nasa."

"Hm," ta ce. Sannan ta nuna masa rami.

Rana ta ɗan karkata lokacin da hanya ta fara sunkuyawa. Ya gane wurin da cikinsa kafin idonsa. Usur ya yi ƙara a gaba, layin ya duƙa, kekuna suka zuba ƙasa, riguna suna kaɗawa. Iska ta cika masa kunne. Ga gadar can ƙasa, ƙarama, ga tudun a bayanta, ga bishiyoyi biyu. Duk jikinsa yana ce masa kada ya taɓa birki, abin da ya koya wa ƙafarsa tsawon rai ke nan. Ya ƙwala wa Auta kira, ya matse yatsunsa. Keken ya yi ƙugi, ya rage, ya rage, tayar gaba ta sauka daga kwalta ta hau tsakuwa. Ya sa ƙafa a ƙasa, Auta ma ta juyo ta tsaya a gefensa. Sauran suka haye gada suka kama tudu, gunjin tayoyinsu ya yi nisa ya ɓace, sai kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa a ƙarƙashin gada.

Gidan ya fi yadda ya san shi ƙanƙanta, bishiyoyin kuma sun fi girma. Igiyar tana nan. Zani biyu ne a kanta da rigar matashin kai da ɗan tawul. Wata tsohuwa siririya tana tsaye da bokiti a gefenta, da maƙalan shanya a bakinta, tana kallon mutum biyu masu hulunan kwano da suka tsaya mata a ƙofar gida.

Suka yi sallama, ta cire maƙalan ta amsa. Ta ce tun safe take ganin irinsu suna wucewa kamar an koro su, su ne na farko da suka tsaya, ko ruwa suke so? Direba ya buɗe baki, duk maganar da ya shekara yana shiryawa ta gudu. Ya tsaya yana riƙe da keke kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.

"Mama, babana ne," in ji Auta. "Da direban babbar mota ne a hanyar nan. Ya ce yakan yi muku hon in zai wuce."

"Mai hon biyu?" Tsohuwar ta girgiza kai. "Allah sarki. Ai wannan ya rasu, 'yata. Ya kwana biyu."

"Wa ya gaya miki?" in ji Direba.

"Ba wanda ya gaya mini. Na jira mako, na jira wata. Na ce wa babban ɗana, mutumin nan ba zai daina haka kawai ba, in ka ji shiru to ƙasa ta rufe shi. Muka yi masa addu'a. Har yau ina sa shi a ciki, tare da maigidana." Ta dube shi sama da ƙasa, da gajeren wandonsa da furfurarsa da ta leƙo ta ƙarƙashin hula. "Kai dai wataƙila wani ne. Direbobi da yawa sun bi nan."

Direba ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen igiyar, wajen bishiyar hagu. "A nan kike shanya shuɗiyar rigar. Mai faci a gwiwa. Facin baƙi ne, daga baya kika canja shi da ruwan toka."

Tsohuwar ta kalli inda ya nuna, ta kalle shi. Ta kifa bokitin ta zauna a kai, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Da ta sauke mayafin dariya take yi, idonta cike da ruwa.

"Ashe kana gani," ta ce. "Ni kam na ce ko kana gani, a wannan gudun. Ka san shekarar da ya rasu, ba na iya tashi daga gado. Yara su yi ta fama da ni. Amma in na tuna ranar wucewarka ce, sai in ce kada bawan Allah nan ya ga igiya wayam ya ɗauka mun tashi. Wallahi wani lokacin wankakkun kaya nake cirowa daga akwati, in jiƙa su in shanya. Yara suna cewa Mama ta zautu. Da haka da haka na miƙe."

Direba ya cire hularsa, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Farin ciki ne ya kama shi, mai nauyi. Ya tambayi yaro mai jar riga, ta ce yana birni, shi ma ya fara furfura, kuma har yau in ya zo sai ta tuna masa saura ƙiris mota ta bi ta kansa. Ta shiga ta kawo musu ruwa a kofin silba, ta tsaya a kansu sai da suka shanye. Sannan ta kama hannun Auta tana jujjuya shi.

"Ke kam kin more uba," ta ce. "Mu da muke bare ma muna jiran hon ɗinsa, ina ga ku? Ai na san in ya shigo unguwarku tun daga nesa kuke rugowa."

Auta ta yi murmushi. "Mu da ƙafa yake dawo mana, Mama. Motar a tasha take kwana. Sai dai mu tashi mu ga takalminsa a bakin ƙofa."

Ta faɗa da fara'a, tsohuwar ma ta yi dariya. Direba ne bai yi ba. Ya dubi igiyar, ya dubi tabon da ke ƙafar 'yarsa, ya mai da hularsa yana ta fama da maɗaurinta har sai da Auta ta sa hannu ta ɗaure masa.

Suka yi ban kwana. Tsohuwar ta ce yanzu sai ta cire shi daga layin matattu ta mai da shi na masu rai, kuma ya yi mata alkawari in zai mutu da gaske ya aiko a gaya mata. Ta rako su har bakin kwalta, daidai inda ta taɓa surar ɗanta.

Tudun yana jiransu, ba su da ko ɗigon gudun da za su hau shi da shi. Auta ta shiga gaba ba tare da an ce mata ba, ta sauke giya, kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka. Ya bi tayarta. Hawan ya yi tsawo, numfashinsa yana fita da ƙara, gumi yana shiga masa ido. A cikin madubi yana ganin tsohuwar tana ƙanƙancewa a tsakanin bishiyoyinta, da zannuwanta biyu suna kaɗawa, har kwana ta ɗauke ta. Can sama, a ƙarƙashin wata inuwa, ya hango riguna kala-kala, ƙungiyar ta tsaya tana jiransu. Ya kai hannu ya karkatar da madubin ƙasa. Ba abin da ya rage a gabansa sai bayan 'yarsa, rigarta ta jiƙe ta manne, tana sare masa iska.

Yana so ya ce mata wani abu, amma ba shi da numfashin, ba shi kuma da kalmomin. Babban yatsansa ya lalubo ƙararrawar nan da ya raina. Ya kaɗa ta sau biyu.

Auta ba ta waiwayo ba. Ta yi 'yan taku a kan feda kamar ba ta ji ba. Sannan ta saki kan keken da hannu ɗaya, ta ɗaga shi sama.

"Na ji ka, Baba," ta ce. "Matso kusa, da sauran hawa."